Baƙin gari mai bin maganaɗisu da koren haske: wata goma sha ɗaya a wani ɗakin gwaji a Kumasi

Asalin lamarin

Ɗalibar da zan ba da labarin aikinta 'yar Aboabo ce, ɗaya daga cikin unguwannin zango na Kumasi. Mahaifinta mahauci ne, kakanta ma da fawa ya ci abinci. Ta zo ɗakin gwajin da nake kula da shi tana digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Ni aikina riƙe makullin sito ne, da wanke gilasai, da gyaran abin da ya lalace, da sa ido kada wani ya ji wa kansa ciwo. Da yake mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a wurin, duk abin da ya cije mata ni take fara faɗa wa. Ta haka na ga aikin tun daga kwalbar farko.

Tambayar tata daga rumfar mahaifinta ta fito. Akwai bakteriyar da ake kira E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum da na dabba, kuma yawancin danginta ba sa cutarwa. Amma akwai wani nau'i, O157:H7, da aka gane haɗarinsa a Amurka a 1982 bayan mutane sun ci niƙaƙƙen naman shanu da bai gasu sosai ba. Yana zama a cikin saniya ba ya yi mata komai, in ya shiga mutum kuwa yana sa gudawa da jini, wani lokaci ya taɓa ƙodar yara. Nemo shi a cikin ruwan wankin nama aiki ne na kwanaki, domin yana ɓuya ne a cikin dubban wasu ƙwayoyi da suka fi shi yawa.

Dabarar tsamo shi da maganaɗisu ba sabuwa ba ce. A 1976 wani masani ɗan ƙasar Norwe, John Ugelstad, ya gano yadda ake yin 'yan ƙwallayen roba masu girma ɗaya sak. Daga baya aka cusa musu ƙarfe, ana sayar da su da sunan Dynabeads. Ana liƙa wa bayansu antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke gane abokin gaba guda ɗaya ya riƙe shi. A zuba su cikin ruwa su kama abin da ake nema, a kara maganaɗisu a jikin kwalbar, a tsiyaye sauran. Duk macen da ta taɓa rege shinkafa a ƙwarya ta san wannan aiki, sai dai a nan tsakuwar ake so, shinkafar ake zubarwa.

Damuwar ita ce da dala ake sayen su, a cikin sanyi ake kawo su, kuma bayan sun kama sai an sake wani aikin kafin a ga abin da suka kama. Ita abin da ta sa a gaba shi ne ƙwaya ɗaya mai aiki biyu: maganaɗisu ya ja ta, in an haska mata fitila kuma ta yi ƙyalli, yadda za a ga bakteriyar da ta maƙale wa a madubin ƙara girma nan take.

Sai an san girman abin kafin a fahimci wahalarsa. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kowane kaso shi ne nanomita. Tsawon E. coli kamar nanomita 2,000 ne. Ƙwayar ƙarfen da take son yi ba ta wuce nanomita 10 ba. Wannan ƙanƙanta da dalilinta. Sinadarin magnetayit, baƙin ɗan'uwan tsatsa, in ƙwayarsa ta gaza nanomita 20 ko kusa da haka, tana bin maganaɗisu yayin da yake kusa, da an ɗauke shi kuma ta saki, ba ta riƙe komai. In ta fi haka girma sai ita ma ta zama ƙaramin maganaɗisu, ƙwayoyin su manne wa juna, su ƙi rabuwa.

Satumba zuwa Oktoba: garin da ya ƙi yin baƙi

Ta fara da hanyar da René Massart na Faransa ya bayyana a 1981, wadda ita ce mafi arha. Ana narkar da gishirin ƙarfe iri biyu a ruwa, kashi biyu na ferik da kashi ɗaya na feros, a ɗumama zuwa digiri 80, a zuba ammoniya. A awonta, giram 5.4 na ferik kulorayid da giram 2 na feros kulorayid. In komai ya tafi daidai, ruwan yakan koma baƙi ƙirin kafin ka ƙifta ido.

Nata bai yi baƙi ba. Sau uku tana haɗawa yana fitowa ruwan ƙasa kamar kududdufi bayan ruwan sama, in an kara maganaɗisu sai ya taso a kasalance. Ta sake awo, ta sake lissafi, ta canza kwalbar ammoniya. A karo na huɗu ne na ɗauko kwalbar feros ɗin daga sito na duba ta a hasken taga. Wannan gishiri in yana da kyau kore-kore ne mai haske. Namu ya koma ruwan ɗorawa, ya dunƙule. Lokacin ƙaramar damina ce, iskar Kumasi cike da laima, kuma murfin kwalbar ya daɗe ba ya rufuwa sosai. Iskar oksijin ta riga ta mayar da rabin feros ɗin ferik, don haka kashi biyu da ɗayan da take aunawa a sikeli ba shi ne ke shiga tukunya ba. Sitona ne, ni ya kamata in lura tun farko, kuma hakan ya ci mata mako uku.

Aka koma ga sabuwar kwalbar feros salfet, giram 2.8. Ta riƙa tafasa ruwan, ta busa masa iskar naitirojin na rabin awa don korar oksijin, sannan ta juye ammoniyar gaba ɗaya a tashi guda maimakon ɗigo-ɗigo. Ya yi baƙi. Da ta kara maganaɗisu, garin ya ruga bangon kwalba ya bar ruwa garau.

Daga nan ta yi abin da kusan kowane sabon hannu ke yi: ta busar da garin a tanda, ta daka shi a ƙaramin turmin gilashi, ta zuba a kwalba don ta riƙa ɗiba. Da ta zo jiƙa shi, ya ƙi komawa yadda yake. Gudaji ne kawai, ko an sa shi a bahon girgiza na awa guda sai ya kwanta a ƙasa kamar gasara. Ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta in suka bushe a jikin juna, sun haɗu ke nan. Daga ranar ba ta sake barin garin ya bushe ba, a cikin ruwa yake kwana.

Ko a cikin ruwan ma yana kwantawa bayan 'yan awoyi. Maganin wannan shi ne sitret, gishirin da ake samu daga sinadarin tsamin lemo. Yana manne wa bayan kowace ƙwaya ya ba ta caji iri ɗaya da na maƙwabciyarta, sai su riƙa ture juna. Da ta nuna mini kwalbar da ta yi mako guda ba ta kwanta ba, abin da ya zo mini a rai tawadar allo ce. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san baƙin tukunya kaɗai ba ya zama tawada sai an sa masa ƙaro ya riƙe shi. Gwajin hasken eksre ya nuna girman ƙwayar ya kai kusan nanomita 10, yadda ake so.

Nuwamba zuwa Disamba: hasken da ba na ƙwayar ba

Rinin da ta zaɓa shi ne FITC, ɗan gidan fuloresin. Yana shan shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 495, ya mayar da kore mai kusan 520. Don ya kama jikin ƙarfe ta fara shafa wa ƙwayoyin APTES, wani sinadari mai baki biyu, ɗaya ya riƙe ƙarfen, ɗaya ya riƙe rinin.

Ina wanke gilasai da yamma ta leƙo ta ce, "Malam, bar wannan ka zo ka gani." Ta kashe fitilar ɗakin, ta kunna 'yar tocilan irin wadda 'yan canji ke duba takardar kuɗi da ita. Kwalbar ta ɗauki kore shar, har yana haska yatsunta. Ranar da murna ta hau motar gida.

Washegari malamin da ke duba aikinta ya ce ta maimaita, amma ta kara maganaɗisu tocilan na kunne. Baƙin ya tafi bango. Koren ya tsaya a ruwa inda yake, bai bi shi ba. Ashe rinin da bai kama ba ne ke yawo a kwalbar. Ta wanke garin, ta sake wankewa, kamar sabon yadin da ke zuba. A wanki na biyar ruwan ya fita fari, garin kuwa baƙi ne kawai, ba ya ƙyalli ko kaɗan.

Abu biyu ne za su iya jawo haka: ko rinin bai kama ba sam, ko ya kama amma ya mutu. Yadda ta raba gardamar ya burge ni. Ta tara ruwan wankin duka biyar, ta auna yawan rinin da ke ciki da na'urar auna haske, ta cire daga abin da ta zuba tun farko. Akwai giɓi. Rinin da ya ɓace ba shi da wurin zuwa sai jikin ƙwayoyin. Yana nan, haske ne dai ba ya bayarwa.

A nan ainihin ciwon aikin ya bayyana. Abu yana yin baƙi ne don yana shanye haske kowane iri. Magnetayit na shanye shuɗin da aka aiko wa rinin kafin ya isa, ya kuma shanye koren da rinin ya fitar. Akwai na biyu wanda ya fi wannan muni. In rinin yana zaune kusa da ƙarfen, tazarar ba ta kai nanomita 10 ba, ƙarfin da ya sha ba ya ma zama haske, kai tsaye yake miƙa wa ƙarfen ya tafi a zafi. Siffofi biyun da take son ta tara a gida ɗaya kishiyoyi ne, ɗaya na cinye ɗaya.

Ta gwada ninka rinin sau biyu, sannan sau huɗu. Bai taimaka ba, domin fuloresin in ya cunkushe wuri ɗaya shi ma yana kashe hasken ɗan'uwansa. An yi maganar komawa ga ɗigon kwantam, waɗannan 'yan lu'ulu'u masu haske da suka sa aka ba Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Yekimov kyautar Nobel ta 2023. Sun fi rini haske da juriya. Amma waɗanda aka fi sani da kadmiyam ake yin su, guba ce, ana dafa su a zafin da ya kai digiri 300, kuma ba mu da inda za mu zubar da dattinsu lafiya. Aka ajiye wannan shawara.

Janairu zuwa Fabrairu: katanga tsakanin kishiyoyi

Tunda zama kusa ne ke kashe hasken, sai a gina katanga. Kayan ginin silika ce, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi: haske na ratsa ta, ba ta cutar da ƙwayoyin halitta, kuma tana karɓar APTES da kyau. Hanyar yin ta tun 1968 Werner Stöber da abokan aikinsa suka shimfiɗa. Ana zuba wani ruwa mai suna TEOS cikin itanol da ruwa da ɗan ammoniya, sai silika ta riƙa fita tana kwanciya a kan duk abin da ta tarar. A 1992 kuma van Blaaderen da Vrij a Utrecht ta ƙasar Holan suka nuna cewa in aka ɗaura FITC da APTES tukuna, ana iya gina rinin a cikin silikar kanta yadda ba zai zuba ba.

Tsarin da ta zana hawa uku ne: ƙarfe a tsakiya, silika zalla ta rufe shi, silika mai rini ta biyo, sannan siririn mayafi na silika zalla a waje.

Gwajin farko ya lalace ta hanyar da ba wanda ya yi tunani. A ɗakunan gwaji ana motsa ruwa ne da ɗan sandan maganaɗisu da ake jefawa cikin kwalba, injin da ke ƙasa ya riƙa juya shi. Da ta dawo bayan awa biyu, garin gaba ɗaya ya tattaru a jikin sandan kamar ƙudan zuma a reshe, silika ta zo ta ɗinke su a haka. Muna buƙatar abin motsawa daga sama, ba mu da shi, kuɗin saye kuma babu.

Na ɗauki zane na tafi Suame Magazine. Wanda bai san Kumasi ba, wannan unguwa ce ta makanikai da maƙera da masu walda, inda ake iya ƙera maka kusan komai in ka iya bayani. Wani mai gyaran wayar mota ya haɗa mana injin goge gilashin mota da sandan roba mai fiffike biyu, ya sa masa abin rage gudu, ya jona shi da batirin mota. Batirin ya warware wata matsalar da ta riga ta cinye mata haɗi ɗaya, wato dumsor, ɗaukewar wutar da duk ɗan Ghana ya sani. Haɗin silika yakan yi awa shida ko fiye ana motsawa, in motsi ya tsaya a tsakiya ƙwayoyin su kwanta su manne.

Gwaji na biyu ta juye TEOS ɗin duka a lokaci ɗaya. Da ta kara maganaɗisu, baƙin ya tafi bango ya bar ruwa fari kamar tsinkakken nono. Silikar ta yi yawa, maimakon ta bi bayan ƙarfe sai ta ƙulla nata ƙwallayen daban, fanko, ba ƙarfe a ciki. Da a ce an sa rini a wannan haɗi, da an sake samun hasken ƙarya irin na Nuwamba. Ta koma zubawa kaɗan-kaɗan duk rabin awa, a cikin itanol kashi huɗu ruwa kashi ɗaya. Hunturu ma ya taimaka, domin TEOS da APTES duka ba sa shiri da laima.

A ƙarshen Fabrairu ta maimaita gwajin malaminta. Ta wanke sau biyar, ta kashe fitila, ta kunna tocilan, ta kara maganaɗisu. Wannan karon koren ya bi baƙin zuwa bango. Hasken bai kai na ranar farko ba, dishi-dishi ne, amma na ƙwayar ne. Ba ta yi ihu ba. Ta rubuta kwanan wata, ta naɗe kwalbar da takardar alminiyam don kada haske ya kashe rinin.

Maris zuwa Afrilu: ja ya yi rauni

Koren ya bi maganaɗisu, amma a hankali ƙwarai. Garin da a da yake isa bango cikin daƙiƙoƙi yanzu sai ya yi awoyi, wani kason ma ko an kwana ba ya zuwa. Ba a yin aikin bakteriya da irin wannan jira, domin E. coli in ta sami abinci da ɗumi tana ninka kanta duk minti 20.

Dalilin lissafi ne. Ƙarfin jan yana bin yawan ƙarfen da ke cikin ƙwaya, tirjiyar ruwa kuwa tana bin faɗin ƙwayar gaba ɗaya. Silika ta ƙara faɗi ba ta ƙara ƙarfe ba. Ga kuma karkarwar da Robert Brown ya lura da ita tun 1827: ƙananan abubuwa a cikin ruwa ba sa tsayawa, ƙwayoyin ruwan na bugun su ta kowane gefe. Ƙarfe mai nanomita 10 shi kaɗai, jan da yake ji bai fi wannan bugu ba.

Ta fara neman babban maganaɗisu. Aka aro na tsohuwar lasifika mai faɗin faranti, bai canza komai ba. Abin da ke jan ƙwaya ba girman maganaɗisu ba ne, yadda ƙarfinsa ke sauyawa daga nan zuwa can ne, kuma wannan ya fi tsanani dab da gefen ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi. Muka je wurin masu gyaran kwamfuta a Adum muka sayi matattun faifan ajiya, muka ciro maganaɗisun niyodimiyam da ke cikinsu. Kafinta ya yi mana katako mai ramuka, ta koma aiki da ƙananan bututu masu cin mililita 1.5 don kada wata ƙwaya ta yi nisa da bango. An sami sauƙi, amma bai isa ba.

Amsar a cikin hoto ta zo. Ta aika samfuri zuwa wani wuri mai madubin ƙara girma na lantarki, aka yi mako biyar ana jira. Hotunan sun nuna katangar silika zalla ta kai kusan nanomita 20, daidai da abin da ya ceci hasken. Sun kuma nuna ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Wasu ƙarfe ɗaya ne tak a ciki, wasu kuwa tarin ƙarafa ne da yawa a cikin ɓawo ɗaya kamar 'ya'yan gwanda. Nan ta gane waɗanda ke fara isa bango su ne masu tarin. In faɗin curin ƙarfe ya ninka sau goma, yawan ƙarfen cikinsa ya ninka sau dubu ke nan. Kuma da yake kowane ƙarfe a cikin curin har yanzu nanomita 10 ne, da an ɗauke maganaɗisu suna saki.

Gudajin da ta yi wata biyu tana yaƙa, ƙananansa ne ake buƙata. Ta rage sitret kaɗan don ƙarafan su ɗan taru kafin a rufe su. Sannan ta shigo da tankaɗe hawa biyu. A bar kwalba ta tsaya awa ɗaya, abin da ya kwanta da kansa ya yi girma, a zubar. A kara maganaɗisu minti biyu, abin da ya iso a riƙe, wanda bai iso ba a zubar. Fiye da rabin kowane haɗi yana tafiya a haka, kuma na ga yadda zubarwar ke yi mata ciwo. Abin da ya rage faɗinsa tsakanin nanomita 150 da 200 ne, yana ƙyalli, yana isa bango cikin minti biyu.

Mayu zuwa Yuni: kama wanda ake nema

Ba ta taɓa O157 ba, domin ɗakinmu ba shi da kariyar da ake buƙata. Ta yi aiki da wani nau'in E. coli na gwaji marar cutarwa, da antibodin da ke gane shi. Wannan 'yar kwalbar antibodi ita ce abu mafi tsada a duk aikin. Don ta tabbata ƙwayoyin na zaɓe, ta sa wata bakteriyar ƙasa, Bacillus subtilis, wadda bai kamata su kama ba.

Sun kama duka biyun. Har ƙwayoyin da ba a sa wa antibodi ba sun kama. Bayansu na ɗauke da ragowar APTES mai caji na tabbaci, fatar kusan kowace bakteriya kuwa cajinta kishiyar wannan ne, don haka duk wanda ya gifta sai ya manne. Ta juya cajin da sinadarin saksinik anhaidirayid, ta ɗaura antibodin da wasu sinadaran ɗauri biyu, EDC da NHS, sannan ta toshe sauran guraben da furotin ɗin jinin shanu, BSA, ta ƙara ɗigon sabulun gwaji a ruwan wanki.

Ɗaurin farko ta wannan hanya bai kama ba, kashi ɗaya cikin uku na antibodin ya tafi a banza. EDC a firiza yake zama, kuma ruwa na kashe shi. Ta ciro kwalbar ta buɗe nan take a cikin laimar watan Mayu, raɓa ta sauka a kan garin. Daga baya sai ta bar kwalbar a rufe ta huce rabin awa kafin ta buɗe, ta auna ta yi amfani da shi a take.

Ɗauri na biyu ya yi. Ta ƙirga bakteriyar a farantan reno uku: ruwan kafin kamu, ruwan da aka tsiyaye, da abin da ya bi maganaɗisu. Mafi yawan E. coli sun bi maganaɗisu, Bacillus kuwa ya tsaya a ruwan da aka tsiyaye. Ta kira ni wurin madubi. A cikin duhun gilashin ga 'yan sanduna gajeru, kowanne an yayyafa masa koren ɗigo a gefe kamar an yi masa ado da ƙananan duwatsu. Na daɗe ban ɗaga kaina ba.

Yuli: ruwan rumfa

Duk wannan a tsabtataccen ruwan gishiri aka yi. Ranar wata Asabar ta tafi rumfa da kwalba mai murfi. Ta ce mahaifinta da kansa ya ɗebo mata daga bahon da ake ɗauraye wuƙaƙe, ya ce, "Uwata, in kin ga wani abu a ciki, ni za ki fara faɗa wa." Ta ce, "Baba, ba naman nake gwadawa ba tukuna, garin nawa nake gwadawa." Gaskiya ta faɗa. Ta zuba nata E. coli sananne a cikin ruwan don ta ga ko ƙwayoyin za su iya tsamo shi.

Kamun ya faɗi ƙasa da rabi. Kitse da jini sun lulluɓe ƙwayoyin, ɓurɓushin nama kuma shi ma yana ɗan ƙyallin kore a ƙarƙashin shuɗin haske, har ba a iya bambancewa. Tace ruwan da tsinka shi ninki goma sun dawo da yawancin kamun. Haɗi na ƙarshe ta yi shi da rinin rodamin, mai bayar da ja-ja ruwan lemo, wanda ɓurɓushin bai cika kwaikwaya ba, kuma tsamin ruwa ba ya rage shi yadda yake rage fuloresin. In bakteriyar kaɗan ce ƙwarai, dole a fara renon ta a romo na kusan awa shida kafin a ga wani abu. Ƙwayoyin da aka ɗaura wa antibodi kuma bayan wata ɗaya a firij mai digiri 4 kamunsu ya fara sanyi.

Yadda nake ganin abin

An sami ƙwaya mai aiki biyu, an yi ta a Kumasi da kayan da yawancinsu ana samu a gari. Ba a sami gwajin da mahauci ko jami'in lafiya zai ɗauka ya yi aiki da shi ba, kuma aikin bai ce komai a kan naman kowace kasuwa ba.

Abin da ya sa ta yi aiki tazara ce da tari. Nanomita 20 na silika sun raba rini da ƙarfe, tara ƙarafa da yawa a ɓawo ɗaya ya biya jan da katangar ta ci. Kowanne da farashinsa: hasken bai kai na rini zalla ba, jan bai kai na ƙarfe zalla ba, kuma fiye da rabin kowane haɗi ana zubarwa.

Sau uku aikin ya nuna fuskar nasara alhali ba ita ba ce: koren Nuwamba, fararen ƙwallayen Janairu, da kamun farko na Mayu. Duka ukun gwaji mai arha ne ya tona su, maganaɗisu a ƙarƙashin tocilan, duban ruwan da ya rage, da bakteriya ta biyu. Ina ganin da an tsara waɗannan gwaje-gwaje tun Satumba, kafin a haɗa komai, da an rage wata biyu. Asarar feros da ta EDC kuwa laima ce ta jawo su, abin da takardun da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba sa tsayawa faɗa, don su ba ta dame su haka. Yanzu duk kwalbar da ta shigo sitona ina rubuta mata ranar buɗewa, masu tsoron ruwa kuma suna cikin akwati mai rufi da garin shan laima.

Shakka ɗaya nake da ita a kan tushen aikin. Tunda da ƙirgen faranti aka tabbatar da kamun, kuma renon awa shida bai kau ba, sai an gwada ƙwayar kafaɗa da kafaɗa da ƙwallayen kanti a ruwa ɗaya kafin a ce ƙyallin ya rage lokaci. Ita ma ta yarda da haka, ta rubuta shi a babin ƙarshe. Antibodin da ya rage zai isa ɗauri biyu. Injin Suame na nan a kan benci, ɗalibin da zai gaje ta zai fara a Satumba, da haɗin rodamin.